Amsa kan lambar 2,147,483,647

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa lambar 2,147,483,647 take yawan fitowa a littattafan lissafi da na kwamfuta. Ana samun ta ne idan aka jera biyu sau 31 ana ninka su da juna, sannan aka debe ɗaya. Babu lambar da take raba ta ba tare da saura ba sai ɗaya da ita kanta, kuma ita ce ta takwas a jerin irin waɗannan lambobi da ake kira da sunan Marin Mersenne, wani masanin lissafi na Faransa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa babu wata lambar da take raba ta, babu na'ura, ga shi idanunsa sun raunana ƙwarai. Ya nuna cewa duk lambar da za ta raba ta dole ta bar saura 1 ko 63 idan aka raba ta da 248, kuma lambobin da za a gwada raba ta da su ba za su wuce 46,340 ba.

A kwamfuta kuwa, ita ce iyakar ƙirga mai bit 32 (wato gurabe 32, kowanne na ɗaukar 0 ko 1) da ke karɓar lambobin ƙasa da sifili, shi ya sa agogon tsofaffin manhajoji, wanda ke ƙirga daƙiƙoƙi tun farkon 1970, zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038.