Tambayi Bakanike: Makullin Fijo 504 Ya Ƙi Juyawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Fijo 504 da na gada wurin mahaifina. Sai na yi ta jijjiga makulli kafin ya juya ta tashi, ƙofar direba kuma ba ta kulluwa daga waje. An ba ni shawarar in cire makunnin gaba ɗaya, a sa mini maɓallin dannawa. Me kuka gani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka sayi komai, duba makullin kansa. Idan haƙoransa sun cinye sun yi sumul, mai yiwuwa nan matsalar take. A cikin gidan makulli akwai siraran faranti na tagulla, kowanne da ɗan sifirin ɗinsa, kuma sai duk sun daidaita a layi ɗaya yake juyawa. Kada ka kwafo sabo daga tsohon da ya cinye, don za a kwafo har da lalacewar. Ka kai wa mai gyaran makulli gidan, ya yanka maka daidai da farantan.

Batun maɓalli kuwa ba mu goyi baya ba. Makunnin 504 yana da harshen ƙarfe da ke kulle sitiyari. Idan aka karkatar da wayoyi aka bar harshen a ciki, ranar da ya faɗo kana tafe, sitiyari ya ƙame ke nan.

In har sai an sauya makunnin da wani, fara cire kan batir na nagetib, domin wayar da ke shiga makunnin kullum da wuta take, tana taɓa ƙarfe za ta yi tartsatsi. Kwance murfin robar da ke ƙarƙashin sitiyari. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka kafin ka zare ko ɗaya: akwai mai kawo wuta daga batir, da mai zuwa kwayil, da ta kik (na'urar da ke tayar da inji), wasu kuma har da ta rediyo. Kwance ɗan sukurun da ke riƙe da gidan. Sai ka sa makulli ka juya shi zuwa matakin da harshen ke janyewa ciki, ka danna ɗan fil ɗin da ke leƙowa a gefen bututun da gidan makullin ke ciki da tsinin sukudireba, ka jawo. In fil ya ƙi shiga, ɗan motsa makullin gaba da baya. A nan mutane ke ƙosawa su ɗauko guduma su fasa mazaunin. Wanda makullinsa ya ɓata ne kaɗai zai kai ga hudawa da injin huji.

Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma kayan sun sha sauyawa, har yawan wayoyi ba ɗaya ba ne. A kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka gwada kafin ka biya: ka murɗa zuwa kik ka saki, dole ya dawo da kansa. Wanda ba ya dawowa zai ƙone maka kik.

Ƙofa ta fi sauƙi, sai dai tana son haƙuri. Ɗaga gilashi sama tukuna. Cire hannun murɗa gilashi da madafar hannu, ka ɓamɓare kwalin ƙofar a hankali, don kilif ɗinsa sun tsufa. Leƙa da tocila: sau da yawa sandar da ta haɗa gidan makulli da sakata ce ta zame, mayar da ita kawai za ka yi. In gidan ne ya mutu, yawanci wani faifan ƙarfe mai baki biyu ke riƙe da shi ta ciki. Zare shi da filaya, gidan ya fito ta waje. Mai gyara zai iya jera farantansa su dace da sabon makulli in samfurinsu ɗaya ne. Ka gwada kullewa da buɗewa sau 5 ƙofar na buɗe kafin ka mayar da kwali.

Kada ka ɗura baƙin mai a ramin makulli, da ƙurar hunturu yake haɗuwa ya zama taɓo. Goga bakin fensir a jikin makullin ka zura sau 3 ko 4. Giris na sakata ne. Sannan a rage tarin makullan gida da na shago da ake ratayawa, nauyinsu ne ke cinye farantan.