Zan sauka garin da ban san kowa ba, kuma ni kaɗai

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Dan Allah shawara nake nema, wata mai kamawa zan je wani babban birni a ƙasar waje yin kwas na sati biyu, kuma ba wanda zai tarye ni. Ni ba jirgin ne damuwata ba, abin da ke hana ni barci shi ne in na jawo akwatina na fito ina zan dosa. Mama har ta fara cewa in haƙura da tafiyar.

AMSA: Ƙanwata kar ki haƙura, amma tsoron naki yana kan hanya, don duk wahalar baƙunta tana cikin awa biyun nan ne, daga ƙofar filin jirgi zuwa ƙofar masauki. Toh wannan awa biyun tun kina gida za ki gama da ita.

Fara duba tikitinki ki ga wane fili za ki sauka, ba sunan garin kawai ba. Landan kaɗai filayen jirgi shida gare ta, akwai filin Beauvais da ake sayar da tikitinsa da sunan Paris alhali ya fi kilomita 80 daga cikin gari, filin Narita kuma wajen kilomita 60 ne daga tsakiyar Tokyo. In da hali ki zaɓi jirgin da zai sauke ki da rana, ko ya ɗan fi tsada wallahi ya fi miki, don yawancin jiragen ƙasa na cikin gari ba sa kwana suna aiki, kuma da yawan otal sai ƙarfe 2 ko 3 na rana suke ba da ɗaki, kin ga lissafin ya zo daidai.

Adireshin masaukin ki rubuta shi a takarda da biro, da yaren garin in ba rubutun boko suke yi ba. Na taɓa tsayawa a bakin tasha da waya ta mutu murus, adireshin yana ciki, lambar mai masaukin tana ciki, ni kuma ina ta latsa ta kamar za ta ji tausayina, tun daga ranar ban sake yarda da waya ita kaɗai ba. Ki sauke taswirar garin a Google Maps yadda za ta buɗe ko ba data, batirin cajin waya kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi cikin akwatin da za a auna ba.

An ce matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma fa sai in shi ya zaɓi wanda zai tambaya. Duk wanda ya taso ya same ki yana taksi taksi, ko ya kai hannu kan akwatinki, ki ce a'a ki wuce ko waiwaye babu. Ki nufi teburin tambaya ko layin taksi na hukuma, in ta manhaja kika kira mota ki duba lambarta kafin ki shiga. Idan kin rikice a titi kar ki tsaya kina zare ido, shiga shago ki nutsu ki duba hanya.

Kuɗi kaɗan za ki canza a filin jirgi, farashinsu ba daɗi, kuma ki riƙe kati don motocin bas na Landan tun 2014 suka daina karɓar tsaba. Fasfo ki ɗauki hotonsa ki tura wa kanki a imel. Lambar neman agaji 112 ce a ƙasashen Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka.

Ita kuwa Mama, ki bar mata sunan otal ɗin da lokacin saukarki, amma ki ƙara mata awa uku a kai saboda layin shige da fice da jiran kaya, in ba haka ba kafin ki samu layin waya ta tara dangi.