Tambaya da Amsa: Yaya ake fassara "living" da Jamusanci?

Tambaya: Malam, ina koyon Jamusanci, kuma an ba mu aikin fassara jimlar Turanci "he earns his living". Na duba ƙamus na ga "Leben", na rubuta "er verdient sein Leben", amma malamarmu ta ce ban yi daidai ba. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, kuskuren ya samo asali ne daga Turancin, wanda ya ɗora wa kalma ɗaya ma'anoni da dama, alhali Jamusanci ya raba su kamar yadda Hausa ta raba. Shawarata ita ce ki fara mayar da jimlar cikin Hausa, domin Bahaushe ba ya haɗa rayuwa da zama da abin rufin asiri a kalma guda.

"Das Leben" ita ce rayuwa, kishiyar mutuwa. Tun da aikatau "verdienen" yana nufin samu ta hanyar aiki, yana kuma nufin cancanta, Bajamushe zai iya fahimtar jimlarki da cewa mutumin ya cancanci rayuwarsa. Abin da kike nema shi ne "er verdient seinen Lebensunterhalt", wato yana samun abin rufin asirinsa ta hanyar aiki. Kalmar haɗi ce ta "Leben" da "Unterhalt", wato ɗaukar nauyin ci da sha da sutura da muhalli, kuma da "Unterhalt" ɗin ne ake kiran kuɗin da uba ko uwa ke biya don kula da yara bayan rabuwar aure. Ki lura cewa jinsin kalmar haɗi yana bin ɓangaren ƙarshe, shi ya sa ake cewa "der Lebensunterhalt", da "der" ɗin "Unterhalt" mai nuna jinsin namiji, ba "das" ɗin "Leben" ba.

Ina so ki riƙe wannan kalma da kyau, domin amfaninta ya wuce aji. Dokar zaman baƙi ta Jamus, Aufenthaltsgesetz, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2005, ta sanya a sashe na 5 cewa tabbatar da "Lebensunterhalt" yana cikin sharuɗɗan da aka saba nema kafin a ba baƙo izinin zama, don haka mai neman karatu ko aiki a can zai iya ganin ta a takardunsa.

Idan zama a gida ake nufi, aikatau ɗin "wohnen" ne, kuma daga gare shi aka samo "Wohnzimmer", wato falo. Kuɗin da ake kashewa wajen gudanar da rayuwa kuwa "Lebenshaltungskosten" ne.

A hira ta yau da kullum, mai son sanin sana'ar wani yakan ce "Was machen Sie beruflich?", ba tare da ambaton rayuwa ba. Akwai kuma "sein Brot verdienen", a zahiri samun burodinsa, wanda a ganina shi ne mafi kusa da "neman abinci" namu, kuma za ki iya amfani da shi a jimlarki idan malamar ba ta buƙaci harshen hukuma ba.