Lumumba ɗan gurguzu ne ko laƙabi aka manna masa?

Salam 'yan uwa. Malam mai tambaya, ka ce kana son sanin ko da gaske Patrice Lumumba, firaministan farko na Kwango, ɗan kwaminisanci ne shi ya sa aka kashe shi, ko kuwa sharri ne kawai na Turawa. Toh ni dai na shekara ashirin da wani abu ina koyar da tarihi a sakandare kafin in yi ritaya, kuma akwai wani kawuna, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin Najeriya da aka tura Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, tun muna yara muke shan labarin ƙasar nan a zaure. Ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Ni a fahimtata mutumin nan ba ɗan gurguzu ba ne. Duba asalinsa ma, ma'aikacin gidan waya ne, daga baya ya koma tallan giya a wani kamfani a Leopoldville, wato Kinshasa ta yanzu, kuma jam'iyyar da ya fara raɓa ta masu sassaucin ra'ayi ce ta Beljiyam, ba ta 'yan gurguzu ba. Abin da ya juya masa tunani shine taron da Nkrumah ya kira a Accra a Disambar 1958, daga nan ya dawo da zafin kishin Afirka. Bai taɓa kafa jam'iyyar gurguzu ba, kuma shi da bakinsa ya sha musanta zancen.

To me ya kai shi hannun Rasha? Nan ne yarana a aji suke ruɗewa, sai na ce musu ku lissafa kwanaki kawai. An ba Kwango 'yanci ranar 30 ga Yuni 1960, ƙasar da ta ninka Najeriya girma fiye da sau biyu amma masu digiri a cikinta ba su kai talatin ba, kuma a soja babu baƙar fata ko ɗaya mai muƙamin hafsa. A wajen bikin sarkin Beljiyam Baudouin ya tashi yana yabon tsohon sarkinsu Leopold na biyu, mutumin da a zamaninsa ake yanke wa mutane hannu kan roba, Lumumba kuwa da ba ya cikin jerin masu jawabi ya miƙe ya zayyana musu duka da zagi da wulaƙancin da aka sha, a gaban sarkin. Daga ranar suka ƙulle shi a ciki. Ba a yi sati ba soja suka yi bore, don kwamandansu Bature, Janar Janssens, ya rubuta musu a allo cewa kafin 'yanci da bayan 'yanci duk ɗaya ne. Beljiyam ta sauke sojojinta wai kare 'yan ƙasarta. Ranar 11 ga Yuli sai Moise Tshombe ya ɓalle da lardin Katanga, kuma Katanga ita ce rumbun ƙasar, can tagulla take, can kamfanin haƙar ma'adinai na Beljiyam Union Minière yake, can ne mahaƙar Shinkolobwe da aka ɗebo yuraniyom ɗin da Amurka ta yi amfani da shi wajen haɗa bom ɗin Hiroshima. Kwana goma sha ɗaya fa da samun 'yanci.

Abin da mutane ba sa faɗa, ƙofar Yamma ya fara ƙwanƙwasawa. Ya kira Majalisar Ɗinkin Duniya, ta turo soja amma babban sakatarenta Dag Hammarskjold ya ce ba aikinsu ba ne su murƙushe Katanga da ƙarfi. A ƙarshen Yuli ya je Washington da kansa, shugaban Amurka Eisenhower bai ma gan shi ba, sakataren harkokin waje Herter aka bar shi da shi, ya dawo hannu rabbana. Sannan ne ya karɓi tayin shugaban Rasha Khrushchev na jiragen ɗaukar kaya da manyan motoci. Wanda ruwa ya ci ai ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Amma fa kada mu mai da shi waliyyi, don ni wannan ne ke ba ni haushi da wasu abokanmu na jami'a masu manna hotonsa a ɗaki. Mutum ne mai gaggawa, yau ya ba da wa'adi gobe ya canza, ya ɓata da Hammarskjold a fili, kuma sojojin da ya tura da motocin nan zuwa Kasai ta Kudu, inda Albert Kalonji shi ma ya ɓalle, sun kashe fararen hula da yawa a Bakwanga. Sannan bai karanci lokacin ba ko kaɗan. Yaƙin cacar baka na kan ganiyarsa, Castro ya karɓe Kuba a 1959, a watan Mayun 1960 Rasha ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka, kowa a tsorace yake, kai kuma ka kawo jirgin Rasha tsakiyar Afirka kusa da yuraniyom. Shugaban CIA Allen Dulles ya kwatanta shi da Castro, daga nan magana ta ƙare.

Sauran ka san shi. 5 ga Satumba shugaban ƙasa Kasavubu ya sauke shi ta rediyo, shi ma ya shiga rediyo ya ce ya sauke Kasavubu, 14 ga wata Kanar Mobutu, wanda Lumumba da kansa ya ɗaga, ya karɓe iko ya kori jakadun Rasha da Cekoslobakiya. CIA har guba ta aika a sa masa, ba a dai yi amfani da ita ba, kwamitin majalisar dattawan Amurka ne ya tona wannan a 1975. Ya gudu daga ɗaurin talala a ƙarshen Nuwamba zai tafi Stanleyville wajen magoya bayansa, aka kama shi a hanya, ranar 17 ga Janairu 1961 aka kai shi Katanga hannun maƙiyansa tare da abokan siyasarsa Mpolo da Okito, a daren aka harbe su, da hafsoshin Beljiyam a wurin. Shekararsa 35. Gawar ma narkar da ita aka yi da asid, haƙori ɗaya da wani ɗan sandan Beljiyam ya ajiye shi aka maido wa iyalansa a 2022.

Kawuna in ana gardamar nan dariya yake yi, ya ce shi duk zamansa a can bai ga ɗan gurguzu ko ɗaya da idonsa ba, abin da ya gani sojoji ne da ba a biya albashi ba suna tare hanya da bindiga, da mutanen ƙauye da suka gudu daji. Rasha kam ta ci riba da sunansa, ta sa wa jami'arta ta Mosko sunan Lumumba, amma lokacin da ake dukansa a barikin soja na Thysville inda aka tsare shi ba ta iya yi masa komai ba.

Ga misalin da nake rufe bakin yara da shi. A 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke a nan, Ingila ta ƙi sayar wa Gowon jiragen yaƙi, Amurka ta ce ba ruwanta, sai ya juya wajen Rasha, jiragen MiG suka sauka a filin jirgin Kano. Wa ya taɓa kiran Gowon ɗan gurguzu? Shi ma fa ya yi aiki a Kwangon yana ƙaramin hafsa. Bambancin shine Turawa sun san Gowon, a makarantar sojan Ingila ta Sandhurst ya yi horo, man fetur ɗinsu na tafiya, Lumumba kuwa ya zage su a gaban sarkinsu kuma yana neman maido da Katanga. Mobutun da suka ɗaura ya karɓe mulki gaba ɗaya a 1965 ya zauna har 1997, kuma shi ɗin ne dai a 1966 ya ayyana Lumumba a matsayin gwarzon ƙasa.