Tambaya da Amsa: Da wane irin fayil zan adana hotunan Baba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Bayan rasuwar mahaifinmu mun samu wani akwati cike da hotuna da takardu, akwai takardar haihuwarsa da shaidar makaranta da wasiƙun da ya riƙa rubuta wa kakarmu da hannunsa, wasu hotunan ma har sun fara dishewa. Na aro na'urar sikana don in saka su a kwamfuta kowa ya samu nasa, to amma duk sanda na danna sai ta ce in zaɓi JPEG ko TIFF ko PNG ko PDF, ni kuma wallahi ban san bambancinsu ba. Ƙanina ya ce in bar shi a JPEG kawai tunda shi kowa ke amfani da shi. Me ka gani?
Daga wata mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ƙaninki ya yi gaskiya a rabi, JPEG shi ne na rabawa 'yan'uwa, amma ba shi ne na ajiya ba. Shawarata ki yi sikanin kowane hoto a TIFF, wannan shi ne uwar fayil, ki ajiye shi gefe kar ki taɓa, sannan ki fitar da kwafin JPEG daga cikinsa ki tura wa duk wanda ya nema.

Ga dalili. JPEG tun da aka fito da shi a 1992 an yi shi ne don hoto ya zama ƙarami, kuma yadda yake yi shi ne ya zubar da wasu bayanan hoton da yake ganin ido ba zai lura ba, abin da ya zubar kuma ya tafi kenan har abada. Kwafe shi daga kwamfuta zuwa filas ba ya rage masa komai, kar wannan ya dame ki, matsalar ita ce in kin buɗe shi kin yanke gefe ko kin ƙara haske kin sake adanawa, to kowane karo sai ya sake matse shi, kamar a yi fotokwafin fotokwafi. Bayan 'yan zagaye in kika zuƙo fuskar Baba za ki ga wasu ƙananan murabba'ai sun bayyana a kumatu, gefen haruffa kuma ya yi dishi-dishi. Hoton da dama can ya dishe bai kamata ya sake rasa komai ba.

TIFF kuwa ba ya zubar da komai. Kamfanin Aldus ne ya fito da shi a 1986, yanzu yana hannun Adobe, kuma shi manyan ɗakunan adana tarihi ke amfani da shi, har da Laburaren Majalisar Amurka. Aibinsa ɗaya, girma. Hoto mai inci 4 da 6 in aka yi shi mai launi a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, zai kai wajen megabait 26, JPEG ɗinsa kuwa 'yan megabait kaɗan ne. Amma ki lissafa, hoto 500 gigabait 13 ne kacal, filas ɗaya ta ɗauke su. In kin ga zaɓin LZW a ƙarƙashin TIFF kina iya kunna shi, matsi ne wanda ba ya ɓata hoto. PNG ma ba ya zubar da komai, in sikanar ba ta da TIFF ki ɗauke shi ba laifi.

Sai maganar dpi, wato yawan ɗigon da na'urar ke ɗauka a kowane inci, don ko kin zaɓi TIFF in kin bar dpi a ƙasa aikin banza ne. Takardu 300 ya wadatar, hotuna 600, ƙaramin hoto irin na fasfo ki kai shi 1200 don wata rana wani jika zai so ya buga shi babba. Kuma don Allah ki yi komai da launi ko da hoton baƙi da fari ne, saboda jan hatimi da shuɗin tawada da yadda takarda ta yi ruwan ƙasa duk suna cikin tarihin, kuma rubutun fensir da ya kusa gogewa ya fi fitowa a launi. Ki kashe duk wani gyaran kai tsaye da na'urar ke yi, shi ne yake ɗaukar rubutu mara ƙarfi a matsayin datti ya share.

Wasiƙun nan su ne suka fi tsaya mini a rai, don hoto ana iya samun wani a wurin dangi amma rubutun hannunsa babu na biyu. Ki yi kowane shafi a TIFF tukuna, gaba da baya, har da ambulan in yana nan, daga baya ki haɗa su a PDF ɗaya don sauƙin karatu, in akwai PDF/A shi ya fi, an tsara shi a 2005 musamman don ajiya mai tsawo. Abin da ba na so shi ne ki yi sikanin kai tsaye zuwa PDF mai matsi sosai. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe David Kriesel ya gano wasu na'urorin Xerox suna musanya lambobi a takardu, 6 ta koma 8, saboda irin matsin da suke yi mai suna JBIG2. Ki ƙaddara hakan ta faru da shekarar haihuwar Baba da ke rubuce a takardarsa kuma ba wanda ya lura.

Kar ki manta bayan hotuna, sau da yawa nan ake rubuta suna da shekara. Sunan fayil ki fara da shekara sai sunan mutum, in ba ki da tabbas ki sa "wajajen". Ki ajiye kwafi 3 a wurare daban, ɗaya a wajen gidan ko a intanet, takardun asali kuma su koma akwatinsu nesa da danshi da rana, kar a zubar.

TAMBAYA: Malam ni ba ni da sikana, waya kawai gare ni, kuma 'yan'uwa ta WhatsApp suke turo mini tsoffin hotuna. Ya zan yi?
Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Waya ma tana aiki ɗan'uwa. Ka shimfiɗa hoton kusa da taga inda rana ba ta dukansa kai tsaye, ka kashe fitilar kyamara, ka riƙe wayar daidai samansa kar ta karkace, kuma ka matso da hannunka maimakon zuƙowa da yatsa. In iPhone ce tana adanawa a HEIC wanda wasu tsoffin kwamfutoci ba sa buɗewa, sai ka shiga saitin kyamara ka mayar JPEG. WhatsApp kuma yana matse duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, don haka ka ce musu su turo shi a matsayin dokumen, a nan zai iso maka da girmansa na asali, kai kuma ka kwashe shi daga wayar zuwa kwamfuta ko filas a ranar.