Tambayoyinku na shekarar 2021: Tseren jirage a gulbin Rima ga Korona na gari, mu yi ko mu fasa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, an wuni lafiya, ya aiki ya iyali. Ni ne sakataren wata 'yar ƙungiyar matasa nan wajen Kwalkwalawa, yawancinmu ɗiyan masunta ne sai 'yan makaranta kaɗan, duk shekara in ruwa ya fara ja bayan damina muna tseren kwale-kwale cikin gulbin Rima, shekarun nan kuma munka ƙara da jirage masu ƙyalle waɗanda iska ke turawa, wani ɗan uwanmu da ya yi aiki Legas shi ya ga irinsu can ya dawo ya ɗinka muna da tamfol, yanzu guda huɗu gare mu. Bara, wato 2020, ba mu yi ba saboda Korona, bana 2021 yara sun matsa sun ce ko ana ha maza ha mata sai an yi, dattawa kuma sun rabu biyu, wasu sun ce cutar manyan Abuja ce mi ya haɗa ta da mai su, wasu sun ce a bari sai baɗi. Kuɗin kyauta ma mun riga mun tara. Malam mu yi ko mu fasa, in za a yi ya za a yi ba a ɗauko ma gari magana ba?
Daga mai karatunku, Kwalkwalawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, lafiya lau, Allah ya yi albarka. Ku yi abinku, amma ba irin yin da kuka saba ba, don ni a ganina tseren kansa ba shi ne abin tsoro ba, mutum ɗaya ko biyu cikin jirgi a tsakiyar gulbi iska na kaɗawa ta ko'ina, jirgi da jirgi akwai tazara, wallahi ya fi wanda ke zaune a ɗakin kallon ƙwallo aminci nesa ba kusa ba. Cutar nan ta numfashi ce, tari da atishawa da magana kusa da kusa, ta fi kama mutane inda aka cunkushe kuma iska ba ta shiga. Inda matsalarku take shi ne bakin gaɓa, kafin a shiga ruwa da bayan an fito.

Na taɓa zuwa kallon irin wannan tsere tun kafin a san wata Korona, abin da ya tsaya min a rai ba wanda ya zo na ɗaya ba ne, wata jarka ce da aka ajiye ƙarƙashin bishiya da moɗa guda ɗaya ɗaure da igiya, duk wanda ya fito yana haki sai ya kafa baki ya miƙa wa na baya, na tsaya ina ƙirgawa har na gaji na bari. Can gefe ga ƙwaryar fura da ludayi biyu suna zagaye mutum goma sha, mai busa usur ya gaji ya cire daga bakinsa ya ba ƙaninsa ko gogewa bai yi ba, da aka tashi kuma Keke Napep ɗaya ta kwashi mutum bakwai har da na kusa da direba. To ka ga in akwai mai cutar mutum ɗaya a wurin ai ba a cikin ruwa zai raba ta ba. Saboda haka kowa ya zo da gorar ruwansa ko a sayo fiya wata a raba, usur kowane alƙali da nasa, furar nan a dama a zuba wa kowa a kofinsa, a ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin hanyar shigowa, musabaha da rungumar wanda ya ci a haƙura da su bana, ɗaga hannu ya isa.

Dattawan da ke cewa cutar manyan Abuja ce ka bi su a hankali kar ka yi musu da su a gaban jama'a, amma ka tuna masu tun watan Afrilun 2020 aka tabbatar da ita a nan Sakkwato, kuma dokar da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2021 ta yi maganar tazarar mita 2 da sa takunkumi a wurin taro, a ƙarƙashin wannan doka a 2021 in aka tara gari guda ba tsari wani jami'i na iya zuwa ya watsa taron kuma yana da hujjarsa. Gara tun yanzu ku je wurin hakimi da Sarkin Ruwa da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma ku faɗi ranar da tsarin, in da hali a ba ku ma'aikaci ɗaya ya zauna da ku ranar.

Kuma ba ku kaɗai abin ya shafa ba. Argungu dai sun sha da ƙyar, bikinsu da aka shekara kusan goma ba a yi ba ya dawo a watan Maris 2020, aka buɗe shi daidai ranar 11 ga wata, ranar da hukumar lafiya ta duniya ta ce abin ya zama annobar duniya, aka yi su a Matan Fada aka yi kabanci da tseren jirage aka watse, bayan 'yan makonni aka fara kulle. Turawa masu jiragen ƙyalle irin naku kuwa, tseren Sidni zuwa Hobat a Ostareliya da ake yi tun 1945 ba fashi, a Disambar 2020 dole aka soke shi. Na jami'o'in Okasfod da Kambirij a Ingila, shi na kwale-kwale ne ba ƙyalle, ba a yi ba a 2020, da za a yi a 2021 sai aka ɗauke shi daga kogin Landan aka kai shi wani ƙaramin gari Ili ba 'yan kallo. A Faransa akwai wani na zagaye duniya mutum ɗaya a jirgi, Vendée Globe, shi an yi shi a Nuwambar 2020 da jirage 33, sai dai an hana jama'a zuwa rakiya bakin teku. Ka lura da kyau, wanda aka yi da wanda aka fasa duk maganar taron bakin ruwa ce, ba wanda ya ce teku na da Korona.

Yanzu tsarin tseren. Jiragen ƙyallenku huɗu a sa mutum ɗaya ɗaya in jirgin zai tuƙu da mutum ɗaya, in sai biyu to a haɗa 'yan gida ɗaya, wa da ƙani ko waɗanda dama ɗaki guda suke kwana, haka ma manyan kwale-kwalen, kar a cakuɗa 'yan unguwa uku a jirgi ɗaya don neman masu ƙarfi. Maimakon kowa ya jeru a tashi lokaci guda, wanda shi ke sa a yi ta turereniya wajen tura jirage cikin ruwa, ku riƙa sakin jirgi ɗaya duk bayan minti biyu ko uku, mai agogo ya rubuta lokacin tashi da lokacin isowa, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ya ci. Na san yara za su ce ba armashi, gaskiyarsu, to a bar zagayen ƙarshe na jirage uku da suka fi sauri su kara ido da ido. Bayanin hanya, ina za a juya, wace tuta ke nufin a tsaya, duk ka yi shi da murya a WhatsApp kwana biyu kafin ranar, wanda ba shi da babbar waya ko yake inda babu sabis shugaban jirginsu ya kai mashi, ba sai an tara mutum hamsin a rumfa ana ihu cikin kunnen juna ba. Ka kuma samu littafi ka rubuta sunan duk wanda ya shiga da lambar wayarsa da jirgin da ya hau, ka ajiye aƙalla mako biyu, don cutar na iya ɗaukar kwana 14 kafin ta nuna, in wani ya kwanta ka san su wa za a nema, lambar NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, kuma 6232 ce kyauta.

Mai zazzaɓi ko tari ko wanda ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano ya zauna gida ko shi ne gwaninku, nan ne za ka sha rigima na sani, musamman in kuka ja abin har hunturu ya shigo kowa na mura ba a gane wace ce wace, wannan ma dalili ne na ku yi da wuri. Ka ce duk wanda ya janye don rashin lafiya za a mayar mashi da kuɗin rajistarsa, in ba haka ba ɓoyewa za su yi.

Sai abin da ya fi damuna, kar tsoron Korona ya mantar da ku ruwa, don ruwa ya fi ta saurin kisa. Ba mu manta da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a Kebbi ba, watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a Neja, kuma Rimar nan taku da kuke rainawa in ta ja, ita ce a 2010 ta cinye hanyar jami'ar Danfodiyo. Takunkumi a gaɓa ake sa shi, in an shiga jirgi a cire a ƙulle a leda, don in ya jiƙe ba ya tare komai sai numfashin mai shi, mutum ya faɗa ruwa da jiƙaƙƙen ƙyalle manne a hanci ai ka ga an gudu ba a tsira ba. Rigar ceto kuwa dole ce ko mutum a ruwa aka haife shi, ɗiyan masunta su ne suka fi gardama a nan, ka ce ba riga ba tsere. In rigunan ba su isa ba ana karɓa-karɓa, a wanke da sabulu a shanya a rana kafin wani ya sa.

Jirgin ceto shi ne wurin da maganar tazara ke ƙarewa, ba yadda za a yi ka tsamo mutum daga nesa. Ku sa mutum biyu 'yan gida ɗaya waɗanda suka yi rigakafi, da doguwar igiya mai gora ko jarka a ɗaure a bakinta da za a jefa wa wanda ya kife, da wata igiyar mai madauki a gefen jirgi da zai taka ya hau da kansa in da sauran ƙarfinsa. In kuwa an fito da shi ba ya numfashi to a manta da wata Korona, a kwantar da shi a hura mashi iska a baki a danna ƙirji, danna 30 hurawa 2, wanda ruwa ya ci iska yake nema kuma mintuna kaɗan gare shi, ku nemi ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum huɗu ko biyar wannan kafin ranar. Hanyar rage yawan ceton kuma ita ce kar a fita in iska ta yi ƙarfi, kwale-kwalenmu ba a sassaƙa shi don ƙyalle ba, gindinsa ba nauyi, iska ɗaya in ta bugi tamfol ɗin daga gefe sai kifewa, ga hadarin ƙarshen damina da ke tasowa ba sallama. A ba dattijo ɗaya wuƙa da nama, in ya ce a fito a fito, ba mai ce mashi saura zagaye ɗaya.

Af, na kusa mantawa, a 2021 kwalara ta yi ɓarna a jihohin arewa har da nan, ita kam ta ruwa ce da abinci, kar wanda ya sha ruwan gulbi don ƙishi ya kama shi, masu tallan abinci kuma a ware masu wuri nesa da inda ake bahaya.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ɗan shekara 17 ya nace sai ya shiga tseren jirgi da abokansa, ni kuma na ji a rediyo tun farkon cutar nan cewa a jirgin ruwa ta fi yaɗuwa, ga shi ɗaki ɗaya yake kwana da kakansa mai ciwon suga, kuma shi kansa yaron watan jiya ya yi zazzaɓi da tari. In hana shi?
Daga wata uwa, Gidan Igwai.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, ya yara. Jirgin da kika ji a rediyo ina jin Diamond Princess ne da aka tsare a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, mutum 3,711 a ciki sama da 700 suka kamu, amma wannan ai otal ne guda a kan ruwa, ɗakuna a rufe ana cin abinci wuri ɗaya, ba ruwansa da kwale-kwalen da rana ke duka. Ni abin da ya fi tsaya min shi ne zazzaɓin nan na watan jiya, in Korona ce takan taɓa zuciya ko ga matashi, shi ya sa likitocin 'yan wasa ke cewa a huta, sai an yi kamar mako guda ba wata alama sannan a koma motsa jiki kaɗan kaɗan. Ki sa shi ya yi sauri daga gida zuwa masallaci ya dawo ki gani, in yana haki fiye da da, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo ko zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, ba tsere sai likita ya duba shi. Baba kuma, wato kakan nasa, a kai shi ya yi rigakafi in bai yi ba, tun Maris 2021 allurar ta iso ƙasar nan kuma kyauta aka riƙa yin ta, masu suga da tsofaffi su aka fi so su yi, sai dai ba ranar da aka yi take fara aiki ba, sai an cika ta biyu da kamar mako biyu. In yaron ya je ya dawo ya yi wanka ya canza kaya, ki shimfiɗa mashi tabarma a zaure ko wani ɗakin na mako biyu, abincin Baba kuma a zuba mashi a kwanonsa daban.