Maganin kitsen jini zai tsayar da ciwon naman zuciya? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Wannan satin tambayoyin duk sun karkata kan zuciya, saboda wani sako da yake ta yawo a WhatsApp wai turawa suna gwada maganin rage kolestarol, wato kitsen jini, akan masu ciwon naman zuciya.

Wata baiwar Allah daga Agege tace: "An yiwa maigidana hoton zuciya, likita yace naman zuciyarsa yayi kauri kuma gadonsa akeyi. Ko bacci banayi. Na siyo masa wannan maganin ya fara sha?"

Hajiya ki kwantar da hankalinki, Allah ya bashi lafiya. Ba shi kadai bane, kusan mutum 1 cikin 500 yana dauke da wannan lalurar, da yawa sun tsufa da ita har sun ga jikoki. Amma kada ki siyo. Magungunan da ake nufi sune dangin statin, irinsu atorvastatin, simvastatin da rosuvastatin, aikinsu a hanta yake, suna hana ta kera kolestarol da yawa don kada hanyoyin jini su toshe. Shi kuma maigidanki ba toshewar hanya ce matsalarsa ba, tsokar ce da kanta tayi kauri. Kuma wannan gwajin ba yau aka fara ba. Tun 2001 aka bawa zomaye masu irin ciwon simvastatin a Amurka kaurin ya ragu, kowa yayi murna, da aka zo kan mutane da atorvastatin, a 'yan kananan gwaje-gwaje, kaurin bai ragu ba. Zomo daban, maigidanki daban. Haka masu raunin zuciya, an gwada rosuvastatin akan mutum 5,011 sakamako ya fito a 2007, aka sake akan mutum 4,574 a Italiya ya fito a 2008, kitsen jini ya sauka sosai amma yawan masu rasuwa bai canza ba. Kinga kenan in ance "ana gwaji" tambaya ake yi, ba'a samu amsa ba tukuna.

Kudin da zaki kashe a kemis ki tara shi ki kai yaranku a duba su, don kowane da yana da rabi da rabi na gadon abin. Asibitin koyarwa na LUTH na nan Idi-Araba, na LASUTH na Ikeja, duk akwai likitocin zuciya, layi ne kawai sai kin yi sammako. In akwai mai buga kwallo a cikinsu da yake suma ko kirji ya rike shi in yayi gudu, shi za'a fara kaiwa, masu kallon bal basu manta da Marc-Vivien Foe na Kamaru da ya fadi a fili a 2003 ba, wannan ciwon aka samu a zuciyarsa. In kuma likita da kansa ya rubutawa Alhaji statin saboda awon jininsa ya nuna kitse, wannan magana ce daban, ya sha.

Wani dan kasuwa daga Mile 12 yace: "Likita ya dora ni akan atorvastatin, na famasi yayi tsada, wani yaro yace zai kawo min daga Idumota a kasa da rabin kudin. Ai duk daya ne ko?"

Alhaji kai da kake sayar da tumatir, in wani yazo maka da kwando a kasa da rabin farashin ranar, ba sai ka zazzage shi ka ga kasan ba? To me yasa in akazo kan abinda zaka hadiya kullum sai ka rufe ido? Wlh wannan halin namu yana bani haushi. Mutum zai zagaya Computer Village awa uku yana duba waya ko ta gaske ce, ya kira abokinsa, ya kira kaninsa, amma magani sai ya mikawa yaron da ko sunan kwayar bai iya karantawa ba kudi. Hukumar lafiya ta duniya tace a 2017 kusan magani 1 cikin 10 a kasashe irin namu jabu ne ko mara inganci. Marigayiya Dora Akunyili da ta rike NAFDAC daga 2001, 'yar uwarta allurar insulin ta jabu ce tayi ajalinta, Dora ta yaki abin har harbinta akayi, amma har a farkon 2025 sai da NAFDAC ta rufe kasuwar magani ta Idumota da ta Onitsha da ta Aba tana kwasar kaya. Ban ce kowa a can macuci bane, akwai masu tsoron Allah, amma kai ta yaya zaka bambance?

Kuma abinda yasa na statin yafi muni, in ka sha jabun maganin ciwon kai kafin la'asar ka gane, tunda kan bai daina ba. Kitsen jini kuwa ba ya ciwo. Zaka shekara kana hadiyar alli da ruwa kana cewa Alhamdulillah, jijiya tana can tana cushewa, sai ranar da aka kwashe ka. Ga wanda ake bazawa a tire cikin ranar Oshodi, ko na masu wa'azin magani a cikin mota, ko da na gaske ne zafi ya gama dashi. Araha bata ado, balle lafiya.

In kudi ne matsalar, fadawa mai famasi gaskiya, akwai na kamfanoni masu sauki da suke da rijista, sinadarin daya ne da mai tsadar, ba sai ka sayi Lipitor, wato atorvastatin mai tsadar, ba. Duba lambar NAFDAC, duba ranar lalacewa a kwali da jikin katin su zama iri daya, karbi rasit, ka tsaya a shago daya. Bayan wata 2 ko 3 ka sake awon jini, shine zai gaya maka ko magani kake sha.

Wani matashi daga Obalende: "In na fara sha zan iya cin tsire da kitse yadda nake so?"

Malam wa ya rubuta maka? Babu. Ka rage kitsen, ka bar maganin.

Wata daga Alaba Rago tace kanwarta ta haihu wata biyu, kafafu sun kumbura, bata iya kwanciya sai a zaune saboda numfashi, ko a bata statin din da mamansu take sha?

'Yar uwa dan Allah ajiye wayar nan ku tafi asibiti yau, kada ku jira gobe. Wannan yayi kama da raunin zuciya na bayan haihuwa, kuma mu 'yan Arewa muna cikin wadanda yafi kamawa a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu akai suna zargin kunun kanwa da zafin wankan jego, daga baya binciken Kano ya nuna karancin sinadarin seleniyom da talauci suna da hannu. Ko ma mene ne, a dakata da kunun kanwar, a rage gishiri. Statin ba na mai shayarwa bane kuma ba zai cire mata ruwan ba. Akwai magungunan da suke yi, mata da yawa zuciyarsu tana dawowa daidai in an fara da wuri. In Inna tace ai jego ne zai wuce, ku bata hakuri ku dauki yarinyar.

Na karshe, wani dattijo yace tunda ya fara simvastatin cinyoyinsa suke ciwo. Baba yana faruwa, ka koma wajen likitan a canza ko a rage, ka tafi da duk kwalayen da kake sha don wasu irin clarithromycin basa shiri dashi. Amma in fitsari ya koma kalar shayin da ba madara, tsayar dashi a take ka nufi asibiti.